Kekunan Tsinke

Sunan da aka raɗa mata yana nan a takardunta, amma tun ranar da ta shiga ɗakin zane na masaƙa ba wanda ya sake kiranta da shi sai mahaifiyarta. Shugaban ɗakin ne ya ɗaga takardar gwajin da ta yi, ya kanga ta a hasken taga, ya ce, "Wannan layi ne ko tsinke?" Ita kanta a lokacin siririya ce kamar a hure ta ta faɗi. Shi ke nan suna ya bi ta, har mijin da ta aura daga baya da Tsinke ya san ta.

Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin nan. Teburinta mai gilashi ne da fitila a ƙarƙashi, alƙaluma masu bakin ƙarfe a tsaye cikin gwangwanin madara, ga kwalaben tawada da ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Aikinta raba launi. Idan aka kawo zanen furen labule ko na zanen gado, sai ta fitar da ja a takarda ɗaya, shuɗi a wata, kore a wata, yadda in inji ya ɗora su a kan yadi kowanne zai zauna a gurbinsa. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yana iya lalata yadi dami guda. Ita ba ta taɓa lalatawa ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa hakan, shi ya sa ba ta da ƙawaye da yawa a wurin.

Ranar da aka rufe masaƙar ba taro, ba jawabi. Sun zo da safe suka tarar da sarƙa a ƙofa da wata takarda a manne. Ta roƙi mai gadi ya bar ta ta ɗauko alƙalumanta, ya ce shi ma an karɓe masa mukulli. Tana da shekara arba'in da huɗu.

Abin da ya biyo baya ba ya da daɗin faɗa. Ta sayar da sabulu, ta yi ɗinkin rigar filo, ta yi wa wata makaranta zanen 'ya'yan itatuwa a bango. Mijinta direban babbar mota ne, ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari ya kwantar da shi a kan wani katako da suka shimfiɗa a falo, don katifa ƙara masa ciwon take. 'Ya'yansu biyu mata sun yi aure, kowacce tana fama da nata gidan. Sai su biyu suka rage a ɗaki da falo, da rediyon da ba ya kashewa.

Ƙaninta ne ya kawo kwamfutar. Shi ne autansu, mai gyaran waya a wata rumfa a bakin kasuwa, mutum mai daɗin baki wanda ya haura shekara talatin da biyar amma har yanzu kowa Auta yake ce masa. Tsohuwar kwamfutar cinya ce, gefenta ya tsage, harafi ɗaya ya fice. Ya ajiye ta a kan teburin cin abinci ya buɗe.

"Yaya, ga teburinki ya dawo. Na sa miki manhajar zane a ciki."

"Wa zai biya? Na ji an ce duk wata sai an biya."

"Waccan ta masu hali ce. Wannan kyauta ce. Wasu ne suka haɗu suka yi ta don kowa ya ɗauka."

"To me suke so a wurina?"

"Ba komai."

"Ni duk abin da ba ya son komai tsoronsa nake ji."

Maigidan ya yi dariya daga kan katakonsa har ya riƙe ƙugu. "Karɓi kawai, Tsinke. Ni ma da kika aure ni ai kyauta kika same ni."

"Shi ya sa nake tsoro," ta ce, ta ja kujera.

Auta ya nuna mata abin da ya kama mata zuciya tun ranar farko. Ya ɗauko hoton wani mutum da aka ɗauka da waya, ya yi ta ƙara masa girma har fuskar mutumin ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai. Sannan ya ja layi ɗaya mai lanƙwasa a cikin manhajar, ya ƙara masa girma sau goma, sau ɗari. Layin bai motsa ba, bakinsa kamar reza. Ya ce irin wannan zanen bekta ake ce masa: kwamfutar ba hoton layin take ajiyewa ba, hanyar da ya bi take riƙewa, daga wannan ɗigo zuwa wancan, saboda haka ko a kan tambari ko a jikin bene, layin ɗaya ne. Tsinke ta sa tabarau ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Shekara goma sha tara tana faɗa da tawada mai nashewa, ga layin da ba ya nashewa.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Hannun da ya saba da alƙalami ya ƙi maus, ta ja nan ya tafi can. Wata uku tana zana kofi da buta da takalmin maigidan. Manhajar kuma tana da nata halin. In ɗigogi suka yi yawa sai ta tsaya cak, wani lokaci ta rufe kanta da aikin rabin yini. Sau biyu Tsinke ta tashi ta fita tsakar gida ta tsaya tana kallon igiyar shanya har zuciyarta ta sauka. Daga nan ta koyi adana aiki duk bayan layi biyar. A hankali ta gane kan ɗigogin, yadda ake jan hannuwansu layi ya lanƙwashe yadda ake so, har ta kai tana zana da'irar taya da ɗigo huɗu kacal.

Babban aikinta na farko kekuna ne. A bakin ƙofar masaƙa akwai dogon bango inda ma'aikatan safe ke jingine kekunansu, kuma daga tagar ɗakin zane tana kallonsu kullum. Daga ka ta zana su, arba'in da ɗaya, ba wanda ya yi kama da wani. Ta san na mai rini, wanda aka ɗaure sirdinsa da roba. Ta san na wani makaniki mai ƙararrawa biyu, da na mace ɗaya tilo a cikinsu, mai kwando a gaba. Kowace waya ta cikin taya da hannu ta ja ta. Bangon ta yi shi shuɗi mai duhu, sama kuma ruwan goro irin na hantsi. Wata huɗu ta yi a kai. Da ta gama, ta rubuta Tsinke ƙanana a kusurwar dama, ƙarƙashin tayar keken ƙarshe, ta juyo da kwamfutar ta nuna wa maigidan.

Ya daɗe yana kallo. "Wannan a bango ya kamata ya zauna," ya ce. "Ki buga, ki sayar."

Auta ya kai ta wurin wani mai buga takardu da ya sani, wanda ake ce wa Mai Inji. Shagonsa na tsakanin kantin magani da mai sayar da takalma, ciki warin tawada da zafi, bango duk katunan biki da kalandu. Ta ba shi hoton zanen da ta fitar daga manhajar, ya buga gwaji ɗaya. Da takardar ta fito ta karɓa ta duba. Shuɗin ya koma kamar ruwan wanki, ruwan goron ya zama jar ƙasa.

"Malam, wannan ba launina ba ne."

"Na sani, Hajiya. Da me kika yi shi?"

Ta faɗa masa. Ya girgiza kai yana murmushi.

"Ta kyautar nan. Layinta ba laifi, amma ba ta jin yaren injina. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ni kuma da tawada huɗu nake haɗawa. Tawa manhajar da nake biya ita ce ke fassarawa. Kawo mini uwar zanen, ainihin fayil ɗin, in gyara miki."

Ko ɗar ba ta ji ba. Washegari ta kawo a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwafi fayil. Suka zauna gefe da gefe a gaban tasa kwamfutar, tana cewa ƙara ja kaɗan, rage baƙi, yana taɓawa. Da ya ga tana kiran adadin tawadar kafin inji ya nuna, sai ya juyo ya dube ta.

"Hajiya, a ina kika yi aiki?"

Ta faɗa masa, ya ce lallai, ya aika aka kawo mata lemo. Rabon da wani ya girmama ta don abin da ta iya har ta manta. Suka buga guda ashirin a takarda mai kauri, shuɗin ya fito yadda yake a ranta. A cikin bas ta rungume su a ƙirji tana kare su daga gwiwar mutane.

Sayarwar ce ta koya mata wani karatun. Akwai wata mata mai shagon firam da kayan ƙawata ɗaki a unguwar masu hali. Ta ɗaga ɗaya ta yaba, ta shafa da yatsa, sai ta tsaya.

"Ban ji fenti ba. Da hannu kika yi?"

"Da hannuna na ja kowane layi. A kwamfuta."

"Au, kwamfuta ce ta yi." Ta ajiye. "Kin ga, masu sayen nan shatin burushi suke so su gani. Kuma in kin sayar mini da wannan, gobe ki buga dubu, me na saya ke nan?"

Tsinke ta ce ashirin ne, kowanne da lambarsa a baya. Matar ta karɓi uku don kunya, ta rataye su a bayan ƙofa, inda sai mai fita ne zai gani.

Waɗanda suka saya da zuciya ɗaya tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne, su da ba su da shi. Labari ya zaga, suka riƙa zuwa gidan ɗaya bayan ɗaya. Mai rinin nan ya zo da sanda, ido ya fara mutuwa. Ya bi jerin da yatsa har ya tsaya a kan sirdin roba.

"Ke! Har robar?"

"Har robar, Baba."

"Na sayar da shi shekarar da aka rufe," ya ce. Ya zauna a bakin katakon maigidan, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Shi kyauta ta ba shi. A cikin shekara ɗaya guda tara suka fita, ta kuma zana wasu: tankin ruwa da tattabaru, layin kekunan ɗinki, hannun mace yana zare zare. Ba arziki ba ne, amma ta daina sayar da sabulu.

A shekara ta biyu ciwon bayan maigidan ya tsananta, likita ya tura su wani sabon asibiti mai zaman kansa a ɗauki hoton ƙashin. Surukinsu ya kai su da mota da hantsi. Tana tura maigidan a keken marasa lafiya suka shiga zauren jira, wuri mai sanyi da kujeru jere. Maigidan ne ya fara gani.

"Tsinke. Ɗaga kanki."

Bangon gaba ɗaya kekunanta ne, daga ƙasa har rufi, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kowace taya ta kai tsayin ƙugunta. Abin da ta riƙa jin haushin kanta a kai daga baya shi ne, farin ciki ne ya fara zuwa mata. Ta saki keken ta je ta tsaya dab da bangon, ta bi wayar taya ɗaya da ido. Ko gezau, layin nan kamar yanzu ta ja shi. Sai ta taka zuwa kusurwar dama ta sunkuya. Ƙarƙashin tayar ƙarshe shuɗi ne kawai. An kuma cire keke biyu daga tsakiya don a bar wa ƙofar ban ɗaki wuri, ɗayansu mai kwandon nan.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa ta ce, "Yana da kyau ko, Mama? Daga waje aka kawo shi."

Tsinke ta koma wurin maigidan. Ta zauna ta ba bangon baya har aka kira su.

Washegari ta je shagon Mai Inji. Ya tare ta da fara'a, ya jawo kujera. Ta ƙi zama.

"Wa ya ba ka izinin sayar da kekunana?"

"Subhanallahi, sayarwa kuma? Bugu na sayar musu, Hajiya. Ledar da aka buga a kai tawa, tawada tawa, inji nawa, yarana suka manna."

"Zanen fa?"

"Zanen yana nan a kwamfutarki, ko ya ɓata? Ban rage miki komai ba."

"Sunana fa?"

"Su suka ce ba sa son rubutu." Ya gyara zama. "Ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya. Da manhajar kyauta kika yi, ko sisi ba ki kashe ba. Launin ma a nan aka gyara shi, da tawa da nake biya. In ana maganar haƙƙi, ai ni ma ina da kaso."

"Wata huɗu na yi ina jan wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Idona ma kyauta ne?"

Ya ɗaga hannuwa. "Ni ban yi a ɓoye ba. Na tambayi ƙaninki, ya ce ba matsala, talla ce a gare ki."

Nan ta zauna a kujerar da ta ƙi.

Ta sami Auta a rumfarsa, ya sunkuya a kan wata waya da ƙaramin sukudireba. A saman rumfar akwai sabon allo mai fitila da sunan sana'arsa, irin aikin shagon Mai Inji. Ta tsaya tana kallon allon har ya ɗago.

"Yaya, lafiya? Ya jikin maigidan?"

"Wannan allon shi ne kuɗin kekunana?"

Ya ajiye sukudireban. "Wallahi ba haka ba ne. Alheri ya yi mini. Ni gani na yi mutane dubu za su gani, a san ki."

"A san wa? Ka je ka ga bangon?"

"Ban je ba."

"Ba ka je ba. Kuma wata nawa kana zuwa gidana kana shan shayi, bakinka bai buɗe ba."

"Yaya, ni fa na kawo miki kwamfutar nan. Da ban kawo ba..."

Bai ƙarasa ba, amma ta ji sauran. Ta ce, "Na gode, Auta," ta juya. Ya biyo ta har bakin titi yana kira, ba ta waiwaya ba.

Surukinta ya ce a kai ƙara. Suka je wurin wani lauya, ya saurara da kyau, ya ce gaskiya tana gare ta, manhaja ta kyauta ba ta mayar da aikin mutum na kowa. Sai ya tambaya ko akwai wata takarda tsakaninta da Mai Inji. Babu. Ya ce za a iya yi, amma zai ɗauki lokaci, kuma dole ƙaninta ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya ce. Da mahaifiyarsu ta ji, ta sa aka kawo ta gidan, tsohuwa tana dogara bango, ta kira ta da sunanta na yanka ta ce, "Ina raye za ki kai ɗan'uwanki kotu a kan hoton keke?" Maganar ta mutu a nan.

Ta koma ba wa masu bugu hoto kawai, daidai girman takarda, ba ta sake sakin uwar zane ba. Launi ya koma dusashe, don ba mai zama ya gyara mata. Mai shagon firam ta dawo mata da ukun nan, ta ce wata mai saye ta ce kwafin na asibiti ne, ita kuwa ba ta son abin da zai ɓata mata suna. Tsinke ta karɓa ta zura su ƙarƙashin gado tare da sauran.

Maigidan ya rasu a damina ta gaba, da rana tsaka, rediyo na yi. Auta ya yi ta hidima a zaman makoki, yana shimfiɗa tabarmi yana raba ruwa. Suna gaisawa yanzu. Yana cewa Yaya ina kwana, tana cewa lafiya, iyakarta ke nan. An ɗauke katakon daga falo, wurin ya bar shati a siminti.

Zama ba ya ciyar da mutum, sai ta nemi aiki. Wani mai buga takardu a ɗaya gefen kasuwa ya ji labarin hannunta ya ɗauke ta. Tebur ya ba ta a lungu kusa da injin yanka takarda, ta zo da tsohuwar kwamfutarta, don ta ƙi koyon tasu manhajar. Aikin shi ne, mutane su kawo hoto a waya, dishi-dishi, tambarin shago ko zanen da suka gani a wani wuri ya burge su, ita kuma ta bi shi layi-layi ta mayar da shi bekta, yadda za a buga shi a kowane girma. Ba wanda ya kai ta sauri a kasuwar. Mai shagon yana alfahari da ita, yana ce wa masu zuwa, "Ku ba Mama, ko inuwa ce za ta fitar muku."

Ran nan wani mai gidan abinci ya kawo hoton wani zane, mata uku a cikin kwalekwale, yana so a manna masa a bango. A ƙasan hoton akwai sa hannun wanda ya zana, harufa biyar a karkace, da kyar ake ganinsu. Kwana uku ta yi a kai. Da ta gama matan da ruwan, ta ƙara girman kusurwar, ta bi harufan nan ɗaya bayan ɗaya, har inda burushin mutumin ya ɗan karce a harafin ƙarshe. Mai shagon ya zo dubawa ya tsaya a bayanta yana taunar asuwaki.

"Mama, ai na ce ban da rubutun."

"Yana cikin hoton."

Ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta, ya kama maus ɗin, ya zagaye sunan, ya danna. Bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. Ya ce ta tura wa ma'aikacin da ke bugawa, akwai wasu uku suna jira.

Haka suke yi har yau. Duk zanen da ya zo da suna sai ta zana sunan, shi kuma ya zo ya goge, ba ya faɗa, ita ma ba ta cewa komai. Ƙarfe biyar take naɗe wayar caja, ta sa kwamfutar a jakar leda saboda ruwa, ta fita ta jira bas.